Rabin Turmi Zuwa Giwa Tazo

Duk darasin da zan koyar a aji, Inna nake fara koya wa. Ba wai don tana so ba. Ranar Asabar in na baro Jega na iso Sabiyal, sai in same ta a gindin darbejiyar tsakar gida, in baza takarduna a gefen tabarmarta, in yi ta zuba. In ta fara gyangyaɗi, na san 'yan matan ajina ma barci za su yi ranar Litinin, sai in sake shiri. In kuwa ta tsaya tana yi mini gardama, to darasi ya yi. Shekara tara ina koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata, ban taɓa haɗuwa da sufeto mai tsanani kamar tsohuwar nan da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba. Sunanta Hussaina. Ita kuma Malama take ce mini, da wata irin murya da ke nuna ba ta ɗauki malantar a bakin komai ba.

A bazarar da nake ba da labarinta, shekara ta biyu da yanke mana Jihar Kebbi, ciwon suga ya riga ya ci ƙarfin Inna. Ramewar da yawan shan ruwan duk mun saba da su. Idanun ne suka tayar mini da hankali. Likitan da ke duba ta ya ja ni gefe ya ce abin da ya rage mata na gani da wuya ya kai ƙarshen damina. Ita da kanta ta ce mini yanzu duniya take gani kamar ta cikin hayaƙin murhu, sai abin da aka matso da shi dab da fuskarta, cikin hasken rana. Abu ɗaya nake so kafin hayaƙin nan ya rufe gaba ɗaya, ta ga 'yar'uwarta.

Inna tagwaye ce. Hassanarta, wadda muke kira Iya Hassana, tana aure a Giwa Tazo, can ƙasar Maiyama. Kamanninsu ɗaya har wushiryar, amma halinsu ya sha bamban. Inna mai sanyi ce, tana iya wuni ba ka ji muryarta ba. Iya Hassana kuwa in ta buɗe baki, har kaji sai sun bar mata tsakar gida. Shekara tara ke nan ba su ga juna ba, kuma ni ce sanadi.

Kowa a garinmu ya san ba a yi wa ɗaya daga cikin tagwaye kyauta a bar ɗaya. Ko goro ne sai a raba biyu. Na san haka tun ina rarrafe. Amma ranar da na karɓi albashina na farko, kaina ya kumbura da boko da murna, na shiga kasuwar Jega na sayo wa Inna turmin atamfa guda, shuɗiya mai zanen tsuntsaye ruwan ɗorawa. Na miƙa mata a gaban mutane, a ranar da Iya Hassana ta zo taya ni murna tana zaune a kan tabarma ɗaya da ita. Iya Hassana ta dubi atamfar, ta dube ni, ta ce, "Madalla da ɗiyar da ta san uwa guda gare ta." Ta ɗauki gyalenta ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Kwana uku bayan haka kunama ta harbe ni a ƙafa. To, a wurinmu an ce kunama 'yar aiken tagwaye ce, wanda ya ɓata musu rai ita suke tura masa. Na yi bayani har na gaji: lokacin zafi ne, kunama ta fake a ƙarƙashin tabarma, ni na taka ta. Ba wanda ya saurare ni. Inna, mai sanyin nan, ta aika wa 'yar'uwarta cewa tunda har ta iya turo wa 'yarta kunama, kada ta sake taka mata gida. Na sayi wata atamfar na aika Giwa Tazo, aka dawo mini da ita a ƙulle yadda na aika. Daga nan kowa ya kama bakinsa, ni ma na kama nawa, don kunya ta hana ni sake tayar da maganar.

A Asabar ɗin da nake magana, na zo da wata takarda da ƙawata Iklima ta aiko mini daga jami'a a Sakkwato, shafi huɗu da ta kwafo daga wata mujallar masana. Ba ya cikin manhaja, amma ya hana ni sukuni, ina so 'yan aji shida su ji shi. Rana ta take, gari ya yi tsit. Ta saman katanga ana hango gonar da aka bar albasa ta yi fure don iri, fararen kawuna jere suna rawa a cikin zafin, ƙudan zuma na ta shawagi a kansu. Inna na kwance a gefe ɗaya, idonta rabi a rufe.

"Mi kinka taho da shi yau, Malama?"

"Ƙadangare, Inna."

"Ga su nan bisa katanga, sai kin ɗauko wani daga Jega?"

Na ce mata wannan ba irin namu ba ne. A wata hamada yake, can ƙasar Amurka, mai kauri kamar damo, jikinsa baƙi da ratsin ja. Yawancin shekara a cikin rami yake kwance, ba ya cin abinci sai 'yan lokuta kaɗan, amma in ya samu sai ya cika cikinsa taf. Kuma yana da dafi a baki.

"Shi kam ya hi ni azumi," in ji Inna. Ta gyara kwanciya, na san ta fara saurare.

Na ce mata mu fara da namu jikin. In mutum ya ci tuwo, hanjinsa na sakin wani sinadari, irin wanda muke kira homon. Aikinsa aikin ɗan saƙo ne: ya bi jini ya je ya gaya wa jiki cewa abinci ya iso, a fito da insulin a kwashe sugan da ke yawo. Amma ɗan saƙon nan ba ya daɗewa, kafin a yi alwala a gama jiki ya narkar da shi. To, masana sun tatsi dafin ƙadangaren nan, suka rarrabe abin da ke cikinsa, sai suka ci karo da wani furotin da ya yi kama da ɗan saƙon nan namu. In ka jera su biyun kamar carbi, ƙwaya bayan ƙwaya, wajen rabin ƙwayoyin iri ɗaya ne, kuma a wuri ɗaya. Har ƙofar da namu ke ƙwanƙwasawa a jiki, shi ma ita yake ƙwanƙwasawa, a buɗe masa.

"Dahi?" ta ce. "Da abin da ka gyara jini?"

"Shi hwa, Inna."

"Ƙarya ta. Mi yah haɗa su?"

Nan nake son ta zo. Na ce mata kowane abu da jiki ke ƙerawa yana da rubutaccen umarni a cikin ƙwayoyin gado, kuma duk haihuwa sai an kwafe rubutun an ba ɗa. Wani lokaci, cikin ikon Allah, wurin kwafar sai layi ɗaya ya fito sau biyu. Masana suna ganin haka ta faru a zuriyar wannan ƙadangare tun zamanin da ba mai iya ƙirgawa. Umarni ɗaya ya zama biyu. Ɗaya ya ci gaba da aikinsa a ciki, yana lallaɓa jini a hankali. Ɗayan, tunda ba a buƙatarsa a gida, sai ya yi ta sauyawa kaɗan-kaɗan, zuriya bayan zuriya, har ya koma baki ya zauna cikin dafi. Can ya yi tauri. Na cikin yana narkewa nan da nan, na bakin kuwa sai ya yi sa'o'i yana aiki bai gaji ba. Shi ya sa masana ke fatan wata rana a yi wa masu suga magani da shi, ko da yake har yanzu fata ne kawai.

Wallahi ban yi niyyar komai ba. Darasi nake yi. Sai da na ji shirun ya yi tsawo na ɗago kai, na ga Inna ta buɗe idanun nan nata masu hayaƙi tana kallon saman darbejiya, inda hasken ke tsiyayowa ta tsakanin ganye.

Ta fara magana a hankali, kamar mai ba da labarin mafarki. Ta ce suna yara akwai wani tafki a fadama bayan gari, in ruwa ya kwanta sai ita da Hassana su durƙusa a bakinsa su leƙa. Fuska biyu a cikin ruwan, gajimare na wucewa ta bayansu. Sai su yi shiru kada kowa ya motsa, su ga wa zai fara gane tasa. Ta ce ita ba ta taɓa ganewa ba, sai in Hassana ta gaji ta murguɗa baki. Ta ce kwanan nan in ta rufe ido da rana tafkin take gani, ruwan na nan, gajimaren na nan, amma fuska guda ce, kuma ta kasa sanin ta wace ce.

Na yi kamar ina gyara takardu.

"Su waɗanga naki," ta ce, "na ciki da na baki. Wa yar raba su?"

"Ba kowa, Inna. Zamani na kawai."

"Mu kam an san wadda tar raba mu."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, shi ya sa ya fi zafi. Shekara tara ba ta taɓa ɗora mini laifin da bakinta ba sai ran nan. Na sunkuyar da kai, na ji kunya da baƙin ciki sun rufe ni, ni da digirina da takarduna.

Can ta ce in shiga ɗaki in buɗe babbar kwallarta ta ƙasa, in ɗauko abin da ke can ƙarƙashi, in haɗo da almakashi. Na ɗaga tsofaffin zannuwa, sai ga tsuntsayen nan ruwan ɗorawa. Turmin na nan yadda na sayo shi, ko takardar kamfanin ba a ɓare ba, sai ƙamshin kwalla da ya kama shi. Na fito da shi a hannu na ce, "Inna, ashe ba ki taɓa ɗinka shi ba?"

"In ɗaura abin da ba ta ɗaura ba? Ke dai boko ya ɓata ki."

Ta tashi zaune, ta warware atamfar a kan cinyarta, ta haɗa baki da baki da lalube. Na miƙa hannu in taya ta, ta buge shi. Inna a zamaninta ita ke yanka wa matan unguwa zane, ba ta awo, ba ta sa alli, kuma ba ta taɓa ratsa zanen atamfa ba, sai ta bi tsakanin fure da fure. Ran nan na zauna ina kallon almakashin yana tafiya a karkace, yana raba tsuntsaye gida biyu, wannan ba kai, wancan ba fiffike. Ta ninke rabi ɗaya ta miƙo mini.

"Gobe ki kai mata. Ba saƙo. Kuma in kinka hwaɗa mata zancen idona, ban yahe ba. Ba ni son ta taho don tausai."

Washegari da sassafe na hau mota zuwa Aliero, na sake wata zuwa Jega, daga nan na shiga ta Maiyama. Ban san barci nake ba ko ido biyu, ina dai ganin gonaki na wucewa, da tulin albasa a bakin hanya, da mata masu tallar fura, ƙullin na kan cinyata na riƙe shi da hannu biyu. Tun daga Jega nake shirya abin da zan faɗa, kafin mu kai Maiyama na manta shi duka. Daga can wata tsohuwar a-kori-kura ta ƙarasa da ni Giwa Tazo wajen hantsi.

Na tarar da Iya Hassana tana sheƙar gero. Sai ka ce Inna na gani tsaye, Inna ta shekara tara da suka wuce, da ƙarfinta da idonta garau. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice ba ta ajiye faifan ba.

"A'a, Malama mai albashi. Ɓatan hanya kinka yi?"

"Iya, aike na aka yi."

Na miƙa mata ƙullin. Ta goge hannu a zane, ta kwance, ta ga tsuntsayen. Na ga ta gane su nan take, don bakinta ya motsa. Amma Iya Hassana ba ta sauka da sauƙi. Ta ce wato sai da atamfar ta tsufa a kwalla aka tuna da ita, ta ce ko an ɗauka tsirara take yawo shekara tara. Tana faɗa tana warware zanen, tana auna shi da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, don ta tabbatar ba a rage mata ko taƙi ba. Ta kai ƙarshe, inda aka yanka. Sai maganar ta tsaya mata a baki.

Ta bi bakin yankan da yatsa, a hankali, tun daga sama har ƙasa. Ta tsaya a kan wani tsuntsu da aka raba shi tsaka.

"Wa yay yanka wanga?"

"Inna ta."

"Hussaina ba ta yanka hakanga." Ta ɗago ta dube ni. "Mi yas samu idonta?"

Na tuna kashedin Inna, na kau da kai. Hawaye ne suka zubo mini, ban iya tare su ba.

Ba ta sake tambaya ba. Ta bar geron nan a faifai, kaji suka yi caa a kansa, ta leƙa zaure ta gaya wa mai gidanta za ta Sabiyal, ba ta tsaya jin amsarsa ba. Rabin atamfar ta yafa a kafaɗa haka nan ba ɗinki, bakin yankan na reto.

A mota ta yi ta faɗa. Ta yi wa direba faɗa don yana tsayawa ɗaukar kaya, ta yi wa Inna faɗa, ta yi mini. "Kunama!" ta ce, har mutanen gaba suka waiwayo. "Ni in tura ma ɗiyata kunama? Da ina da ta aike, ai uwarki zan tura ma, mai taurin kan tsiya. Ran da nij ji an halbe ki, ban ci abinci ba." Ta ce abin da ya ƙona mata rai ba atamfar ba ce, a'a, a ce wadda suka kwanta ciki ɗaya ta yarda za ta iya. Da muka wuce Jega ta tambaye ni me ya sa Hussaina ta tuna da kwalla yanzu. Na ba ta labarin ƙadangaren, a gajarce, da na ciki da na baki.

"To, ni ce dahin ke nan?"

"Ba haka nic ce ba, Iya. Sun dai ce na bakin ya hi daɗewa, kuma shi aka sa ma rai."

"Ƙadangaren banza," ta ce. Ta juya tana kallon taga har Aliero.

Ni kuwa rana nake kallo. Motar Sabiyal ta ƙi cika, la'asar ta yi, inuwa ta fara tsawo, na san in haske ya ragu Inna ba za ta ga komai ba sai gobe, kuma na daina amincewa da gobe. Da muka sauka kusan gudu muka yi, tsohuwa na gaba ina bin ta.

Inna na gindin darbejiya inda na bar ta, nata rabin a kan cinya. Iya Hassana ta yi sallama, muryarta ta fito ƙarama, ba irin tata ba. Inna ta amsa ba ta juyo ba.

"Kin hwaɗa mata," ta ce da ni.

"Ba ta hwaɗa ba," in ji Iya Hassana. "Almakashinki yah hwaɗa. Dubi yadda kinka kashe tsuntsayen mutane."

Na kama tabarmar Inna na ce ta tashi, na ja tabarmar zuwa bakin katangar gabas, inda sauran rana ke faɗowa. Suka zauna gwiwa da gwiwa. Ba wadda ta ba wata haƙuri, ni ma da na buɗe baki zan ba da nawa, su biyun suka ɗaga mini hannu lokaci ɗaya, hannu iri ɗaya.

"Matso," Inna ta ce. "Matso ƙwarai, in ga yadda nit tsuhwa."

Iya Hassana ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa, ta juya fuskarta ga hasken, ta tsaya cik ba ta ko ƙifta ido. Ban taɓa ganin ta yi shiru mai tsawon haka ba. Inna ta yi ta kallo, tana karkata kai dama da hagu tana neman inda hayaƙin ya fi sirara. Rana na sauka a kan katanga, Inna ba ta ce ta gani ba, ba ta ce ba ta gani ba.

Sai Iya Hassana, hawaye na bin kumatunta, ta murguɗa baki.

Inna ta fashe da dariya, ta kama fuskar da hannu biyu.

"Ke ta," ta ce. "Na gane tawa."